Jini a bakin aswaki, da sugan Inna da ya ƙi sauka

Ɗan Inna, Jega:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sani su taimaka mini. Mahaifiyata shekara bakwai ke nan tana fama da ciwon suga. Tana shan ƙwayar suga, metformin, safe da dare, ba ta tsallakewa, don ni nake ɓare mata da hannuna. Ta bar shayi mai sukari, ta bar lemon kwalba, tuwon shinkafar da take so kamar me ta rage shi zuwa malmala guda. Amma wata shida ke nan duk gwajin da aka yi sugan na sama. Ran Litinin muka koma wurin likitanta, ya duba takardu, ya yi shiru, sai ya ce, "Inna, buɗe bakinki." Ya haska da fitilar wayarsa, ya ce dasashinta ya kumbura, har da mugunya a gindin turame biyu, mu kai ta sashen haƙori a Birnin Kebbi a wanke mata, wai hakan zai taimaka wa sugan. Tun ranar nake juya maganar. Ina haƙori ina suga? Gaskiya ne takan tofar da jini in ta yi aswaki, amma wannan tun ina yaro nake gani.

Direban Koko:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka yi hattara da kuɗinka. Yayata an taɓa yi mata wannan wankin, bayan mako biyu haƙoranta na gaba suka fara girgiɗi, ga giɓi tsakaninsu wanda da babu. Da idona na gani. Ka ƙara mata maganin suga kawai, ka bar haƙori inda Allah ya ajiye shi.

Baba na Gwandu:
Ɗana, Allah shi ba gyatumarka lahiya. Mu da munka tashi ba mu san wankin haƙori na asibiti ba. Iccen dogon yaro ko aswakin Makka, kowace salla, shi ke nan. Mahaihina ya rasu da haƙoranai talatin da biyu, yana tauna goro har ranar da ya kwanta. Jinin da aka gani ga aswaki kuwa mataccen jini na, gara ya hita. Wagga magana ta zamani ni ban gane mata ba.

Malama Nas, Yauri:
Baba, Allah ya ƙara girma. Aswaki kam babu mai ja da shi. Amma maganar mataccen jini ce nake roƙon a sake dubawa. Da a ce duk sanda mutum ya yi alwala ya cuɗa hannunsa sai jini ya fito tsakanin yatsu, ai ba zai ce mataccen jini ba ne, asibiti zai nufa. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goga shi. In ya yi jini, rauni ne a wurin.

Mu da ke zama da masu suga kullum mun san abu guda: duk inda ciwo ya ɓoye a jiki, ko maruru, ko gyambon ƙafa, ko ciwon mafitsara, suga sai ya hau, ko da mutum bai canza cimarsa ba. Muna cire musu takalmi mu duba tsakanin yatsun ƙafa, amma bakin da ke gabanmu yana magana da mu ba mu cika cewa a buɗe ba. Wannan likitan ya yi abin da ya dace.

Likitan Haƙori:
Salamu alaikum. An turo mini wannan zaren, bari in sa baki tunda aikina ne.

Ɗan Inna, likitan mahaifiyarka bai ɓata ba. Abin yana tafiya ne ta hanya biyu, kowanne na hura wa ɗan'uwansa wuta.

Ta farko, daga suga zuwa baki. In suga ya daɗe a sama, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, sukan yi sanyi wajen kama ƙwayoyin cuta. Ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da dasashi su lalace, rauni ya daina saurin warkewa, miyau ya ragu, baki ya bushe, alhali miyau shi ke wanke baki dare da rana. Shi ya sa mai suga ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da ciwon dasashi mai tsanani har kusan ninki uku. Tun 1993 wani masani mai suna Harald Löe ya kira ciwon dasashi matsala ta shida cikin matsalolin da suga ke jawowa, bayan na ido, da ƙoda, da jijiyoyi, da manyan hanyoyin jini, da rashin warkewar rauni.

Ta biyu ita ce ta ɗaure maka kai, daga baki zuwa suga. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan rami da bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba ga mai lafiya. Dauɗar da ke manne wa haƙori in ba a goge ta ba sai ta daskare ta yi kanta, ta koma kamar dutse, ta yi ta cusa kai ƙarƙashin dasashi. Ramin ya zurfafa, milimita 5, 6, har fiye. Cikin wannan ramin gyambo ne buɗaɗɗe, ido ba ya ganinsa. Ka lissafa irinsa a kewayen haƙori ashirin ko talatin. Mukan kwatanta faɗinsa duka da tafin hannu. Jiki kuwa ba ya barin gyambo haka nan, kullum yana yaƙi da shi, kuma sinadaran da yake fitarwa a wannan yaƙin ba a baki suke tsayawa ba, suna bin jini ko'ina. Su ne ke sa naman jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin naman jiki. Ga insulin ɗin, ga magani ana sha, amma sugan ya ƙi shiga inda za a ƙona shi, ya tsaya yana yawo cikin jini.

An fara ganin wannan sosai a ƙabilar Pima ta jihar Arizona a Amurka, inda suga ya yi yawa ƙwarai. An bi su shekaru, aka tarar masu ciwon dasashi mai tsanani sun fi saurin lalacewar suga, sun kuma fi mutuwa da ciwon zuciya da ƙoda.

Direban Koko:
To Likita, girgiɗin haƙoran yayata fa? Ba ka taɓa wannan ba.

Likitan Haƙori:
Malam Direba, abin da ka gani gaskiya ne, ba zan ƙaryata idonka ba. Sai dai ba wankin ya kawo girgiɗin ba. Ka san tsohuwar katangar laka da gara ta cinye gindinta, amma yaɓen da ke jikinta ya riƙe ta tsaye? Haka abin yake. Ciwon ya riga ya cinye ƙashin da ke riƙe saiwar haƙori, sai kantar nan ta cike gurbin, ta ɗinke haƙoran wuri guda kamar siminti. Da aka kankare ta, kumburi ya sace, sai giɓin da ke ɓoye ya bayyana. Da an bar ta, ƙashin zai ci gaba da narkewa a ƙarƙashi har haƙoran su zube da kansu. Sau da yawa bayan 'yan makonni girgiɗin kan ragu in dasashi ya kama. Laifinmu ne mu ma'aikata in ba mu yi wa mutum wannan bayanin kafin mu sa masa ƙarfe a baki ba.

Maman Biyu, Argungu:
Ɗan Inna, ƙanena, ka kai ta. Ni abin ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba.

Shekara tara ke nan da aka ce ina da suga. Ni mai cin goro ce, kuma tun ina budurwa nake shafa fure, haƙorana jawur, don haka ko jini ya fito ban cika bambancewa ba. Abin da na fara lura shi ne matashin kaina, da safe sai in ga ɗigo-ɗigo launin ƙasa a jikin rigarsa. Sai wari. Jikata ce ta fara kawar da kai in na ɗauke ta, wallahi ranar sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Ba ciwo nake ji ba fa, shi ya sa na yi sake. Da ya fara zafi aka kai ni wurin wani mai cire tsutsa a kasuwa, ya turara mini hayaƙi, ya nuna mini wasu farare a cikin kwano ya ce su ne. Na biya, na dawo gida, bayan kwana uku kumatuna ya kumbura kamar an cusa lemo.

Turame huɗu na rasa. Kuma ga abin da ba wanda ya gaya mini: in babu turame, abincin da likitan suga ya ce ka ci ba ya tauno. Kwaɗon zogale, rama, kabeji, gyaɗa, nama, har busasshen kifin da muke taƙama da shi a garin nan, duk suka gagare ni. Me ya rage? Koko da safe, fura da rana, burodi a tsoma a shayi da dare. Duk abin da ke wucewa ba tauna, shi ne mai ɗaga suga. Likitana yana ta faɗa wai ba na kiyaye abinci, ni kuma kunya ta hana ni cewa ba ni da abin taunawa. Sai da aka wanke sauran, aka yi mini na roba, na koma cin ganye, sannan lambobin suka fara sauka.

Malama Nas, Yauri:
Yaya, Allah ya saka miki da alheri da kika faɗi wannan. Da yawan tsofaffinmu haka suke, ana ce musu masu taurin kai.

Mai Gwajin Jini, Zuru:
Ina tare da ku, amma a auna magana kada a sa wa Ɗan Inna rai fiye da kima. Likita, ka san ba duk bincike ne ya goyi bayan wannan ba. A 2013 mujallar likitoci ta JAMA ta fitar da wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 514 masu suga da ciwon dasashi. Rabi aka kankare musu, rabi aka jinkirta. Bayan wata shida babu wani bambanci a sugansu, har aka dakatar da ɗaukar sababbin mutane don an ga ba za a samu komai ba. Wannan fa?

Ga waɗanda ba su sani ba, ma'aunin da ake amfani da shi a irin wannan bincike ba na tsinken yatsa ba ne. Sunansa HbA1c, mu a nan muna ce masa gwajin wata uku. Jajayen ƙwayoyin jini kan rayu kimanin kwana 120, suga na manne musu gwargwadon yawansa, don haka gwajin na nuna yadda aka kwana cikin wata biyu zuwa uku, ba abin da aka ci jiya ba. Daga 6.5 zuwa sama ana cewa akwai suga, yawancin masu ciwon kuma ana so su tsaya ƙasa da 7.

Likitan Haƙori:
Na ji daɗi da ka kawo shi, kuma haka aka yi. Masana dasashi sun yi ta suka a kan gwajin, cewa bayan aikin ma yawancin mutanen dasashinsu bai daina jini yadda ya kamata ba, wato ciwon bai mutu ba balle a ga tasirinsa. Amma ba a nan aka tsaya ba. A 2018 aka fitar da wani da aka yi a Landan kan mutum 264, aka yi wa rabi aiki mai zurfi ana kuma bibiyarsu duk wata uku. Bayan shekara guda HbA1c ɗinsu ya yi ƙasa da na sauran da 0.6. Sannan a 2022 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta haɗa guda 35 da suka ƙunshi mutum 3,249. Ta samu raguwar 0.43 bayan wata uku zuwa huɗu, da 0.30 bayan wata shida. Har da na Amurkan da ka ambata a cikin lissafin.

Wato mai 8.5 zai iya komawa wajen 8.1. Matsakaici ne wannan, wani ya fi haka, wani bai kai ba.

Direban Koko:
Duk wannan dogon bayanin a kan abin da bai kai ɗaya ba? A sha wahalar hanya da layi don 0.4?

Mai Gwajin Jini, Zuru:
A nan kuma zan koma bayan Likita. Ma'aunin nan ba kamar litar mai ba ne, Malam Direba, taƙi kaɗan a cikinsa babban abu ne. Babban binciken suga na Birtaniya da ake kira UKPDS ya nuna cewa duk raguwar 1 a HbA1c na tafiya da raguwar kashi 37 cikin 100 na lalacewar ƙananan jijiyoyin jini, irin wadda ke makantar da mutum ko ta kashe ƙoda, da kashi 21 cikin 100 na mutuwar da ke da nasaba da suga. Kusan rabin 1 ɗin nan, ba tare da an ƙara ƙwaya ko ɗaya ba, ni ba zan raina shi ba. Abin da nake tsoro kawai shi ne wani ya karanta zaren nan ya ce an wanke masa haƙori, ya ajiye metformin.

Wani abu kuma da ya shafe mu nan Arewa: mai sikila, ko mai ƙarancin jini sosai, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, gwajin wata uku kan iya ba da lambar da ba daidai ba. A gaya wa likita tun kafin a ɗebi jinin.

Mai Kemis, Kamba:
Ni tambayata, mu da ke bakin iyaka, zuwa Birni aiki ne. Mutane na zuwa shagona da kumburin dasashi su ce a ba su Amoxil da Flagyl, kuma bayan kwana uku sai ka ga ya sace. Wannan bai wadatar ba?

Likitan Haƙori:
Bai wadatar ba, Alhaji. Ƙwayoyin cutar nan gida suke ginawa a jikin kantar, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa da kyau. Ƙwaya za ta kwantar da kumburin, amma gidan na nan, bayan wata guda a dawo. Sai an sa hannu an kankare, sama da ƙarƙashin dasashi. In ka yi ta bayarwa, ranar da ake buƙatar maganin da gaske zai ƙi aiki. Abin da za ka taimaka da shi: ka hana su ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona naman yake yi. Ruwan batir kuwa, na sha ganin bakin da ya sale saboda shi, don Allah a bari. Kanumfari na kashe zafi na ɗan lokaci, ruwan gishiri mai ɗumi na rage kumburi, babu laifi kafin a isa asibiti. Kuma duk wanda ka ga ƙurjin dasashi na yawan dawo masa, ka ce ya gwada suga. Mun sha gano masu suga a kan kujerarmu, su kansu ba su sani ba. Masu hawan jini da ke shan nifedipine ko amlodipine su ma su lura, maganin kan sa dasashin wasu ya yi tsiro ya hau kan haƙori. Ba a daina sha, a gaya wa likita ne.

Uwar Zaure:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Tunda ana maganar dasashi, iyaye a riƙa duba bakin yara, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Ciwon noma da ke cinye fuskar yaro daga kumburin dasashi yake farawa, cikin kwanaki ya huda kumatu. Asibitinsa na nan Sakkwato kusa da mu, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar Najeriya. Ba shi da haɗi da suga, amma kada a ga jini a bakin yaro a yi shiru. Ku ci gaba.

Baba na Gwandu:
To Likita, na saurara. Amma kana nuhin mu yar da aswaki mu koma buroshi? Abin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ba don kada shi tsananta ma al'umma ba da ya umurce su da shi ga kowace salla?

Likitan Haƙori:
Subhanallah, Baba, ko kusa. Ni kaina da aswaki a aljihun rigata. Mai yin sa sau biyar a rana, yana bin kowane haƙori ciki da waje, ya fi mai buroshin da ke wucewa sau ɗaya a gurguje. Matsalar ita ce yadda akasari ake yi: a goge na gaba guda shida da mutane ke gani, a bar turame da bayan haƙoran ƙasa ta wajen harshe, inda kanta ta fi taruwa. Wasu kuma su yi ta dirza da busasshen icce har dasashi ya janye. A jiƙa shi ya yi laushi, a yanke bakin da ya tsufa, a goga daga dasashi zuwa bakin haƙori a hankali. Da dare a ƙara da buroshi mai laushi da man goge baki, don tsakanin haƙora. Amma in dauɗa ta riga ta zama dutse, aswaki da buroshi duk ba sa cire ta.

Mahaifinku kuma, Allah ya jiƙansa, ina kyautata zaton bai yi suga ba, bai sha taba ba, bai kuma tashi da shayi mai cokali huɗu na sukari ba. Sigari na cikin manyan abokan gābar dasashi, har ɓoye jinin yake yi mutum ya zaci lafiya lau yake.

Baba na Gwandu:
Bai yi ba kam. Gero da nono munka sani. Allah shi yi maka albarka, ɗana.

Ɗan Inna, Jega:
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa Inna saƙon Maman Biyu, ta yi shiru, sannan ta ce ashe ba ita kaɗai ba ce. Wai wata huɗu ke nan da gefe guda take tauna, ba ta faɗa ba don kada ta ɗora mini nauyi. Likita, me za mu shirya kafin mu je? Tana azumin Litinin da Alhamis.

Likitan Haƙori:
Ranar kada ta yi azumi. Ku nemi layin safe, ta karya kumallo, ta sha maganinta yadda ta saba. Wanda ya sha maganin suga ya zauna layi da yunwa, musamman mai allurar insulin ko mai shan Daonil, sugansa na iya faɗuwa a kan kujera. Ka riƙe dabino ko sukari a aljihu saboda haka. Ku tafi da duk magungunanta a leda da takardar gwajin ƙarshe. In sugan ya yi sama sosai a ranar, za su iya fara rage mugunyar su ɗage babban aikin, kada ku ɗauka wulaƙanci ne. Bayan an gama za ta ji tsami in ta sha ruwan sanyi na 'yan kwanaki, jini kaɗan ma zai iya fitowa. Kada ta daina gogewa saboda shi.

Ɗan Inna, Jega:
Salam. Na dawo da bayani. Jiya Talata muka je. Sun sa wani siririn ƙarfe mai zane-zane suna aunawa haƙori bayan haƙori, ɗaya na kira ɗaya na rubutawa, na ji ana cewa shida, bakwai a wajen turamen. Sun yi mata allurar kashe zafi suka yi gefen dama. Abin da ya fito, wallahi ban zaci yana bakin mutum ba, ɓaraguzai baƙi-baƙi kamar ƙanzon tukunya. Turmi guda sun ce ba zai tsira ba, sauran akwai fata. Da dare ta ɗan ji zafi, ta kurkure da ruwan gishiri ta yi barci. Likitan suga ya ce kada a taɓa maganinta, a maimaita gwajin wata uku in lokacin ya cika, a gani.

Saura gefen hagu, sun ba mu Talata mai zuwa ƙarfe takwas. Malam Direba, in kana da lodin Birni ranar, ka tsaya mana a Jega, ka ajiye wa Inna gidan gaba.

Direban Koko:
An gama. Bayan sallar asuba ku fito bakin titi. Zan zo da yayata ita ma a sake duba ta.